Wasiƙun Landan a Kan Kotun Edinbara: Bentham, Romilly da Gyaran Shari'a a Sikotlan

 

An ce in yi magana a kan tarihin gyaran kotuna. Na zaɓi in kai ku Birtaniya ta tsakanin 1806 da 1808, lokacin da wasu masana shari'a na Ingila suka duƙufa suna rubuta wa juna wasiƙu a kan yadda za a gyara babbar kotun Sikotlan. Kotun tana birnin Edinbara, su kuma suna Landan, tazarar kusan mil 400. Dokar da kotun take aiki da ita ma ba tasu ba ce. Abin da ya sa na ga labarin ya cancanci lokacinku shi ne tambaya guda da ya tayar, wadda har yau ba ta tsufa ba: idan aka ce za a gyara kotu, nauyin wa ake son saukewa?

Bari mu fara da yadda aka haihu a ragaya. Ingila da Sikotlan sun kasance ƙarƙashin sarki ɗaya tun 1603, amma sai a 1707 suka haɗe majalisunsu suka zama ƙasa guda. Mutanen Sikotlan ba su shiga wannan haɗaka da ido rufe ba. Sashe na 19 na yarjejeniyar ya tanadi cewa kotunansu za su ci gaba da zama, kuma kotunan Ingila da ke Westminster ba su da hurumin sauraron shari'ar Sikotlan. Dalilinsu a fili yake. Dokarsu ta sha bamban da ta Ingila, ta ɗebo da yawa daga dokar Rumawa, kuma lauyoyinsu sun daɗe suna zuwa karatu jami'o'in Holan kamar Leiden da Utrecht. Sai dai yarjejeniyar ta yi shiru a kan abu ɗaya: shin wanda aka kayar a Edinbara yana iya ɗaukaka ƙara zuwa Majalisar Dattawa da ke Landan? Ba a daɗe ba aka sami amsa. Wani limamin coci, James Greenshields, da aka tsare a Edinbara saboda ya yi wa jama'a ibada da littafin addu'o'in cocin Ingila, ya kai kukansa gaban Dattawan, kuma a 1711 suka ba shi gaskiya. Daga nan ƙofa ta buɗe, ba ta sake rufuwa ba.

Ita wannan babbar kotu, wadda suke kira Court of Session, Sarki James na Biyar ne ya kafa ta a 1532. Alƙalanta 15 ne, kuma idan shari'a ta kai matakin ƙarshe, dukkansu suke zama a teburi ɗaya. Ku yi tunanin wannan zama. Alƙalai 15 suna muhawara a bainar jama'a, wannan ya kawo hujja, wancan ya rushe ta, a ƙarshe a kaɗa ƙuri'a. Wanda aka kayar yana da damar shigar da takardar neman a sake duba hukunci, kuma idan ranar sake dubawar wasu alƙalan ba su zo ba, wasu kuma da ba su nan a da sun zo, hukunci na iya juyewa. Kusan komai a rubuce ake yi. Lauyoyi su rubuta dogayen bayanai, a kai maɗaba'a a buga, a raba wa kowane alƙali nasa. Shaidu kuwa, galibi alƙalan ba sa ganin fuskarsu. Wani wakili ake naɗawa ya je ya ɗauki bayaninsu a takarda ya kawo. Ku da kuka taɓa zama a kotu kun san abin da ake rasawa idan alƙali bai kalli idon mai shaida ba.

Sannan ga babbar kafa. Muddin mutum ya shigar da ɗaukaka ƙara a Landan, ana dakatar da zartar da hukuncin Edinbara har sai Dattawa sun yanke nasu. Mai kuɗin da ake bi bashi ya gane wannan sarai. Ko ya san ba shi da gaskiya, sai ya ɗaukaka ƙara, ya ci gaba da juya dukiyar mutane shekara da shekaru. Zuwa farkon ƙarni na 19, mafi yawan ƙararrakin da ke jibge a gaban Majalisar Dattawa daga Sikotlan suka fito, alhali babu alƙalin Sikotlan ko ɗaya a cikin masu yanke su.

Ku riƙe wannan da kyau, domin nan ne gyaran ya samo asali. Mutanen Sikotlan sun daɗe suna kuka da jinkirin kotunsu. Amma ba kukansu ne ya motsa Landan ba. Abin da ya motsa ta shi ne tulin takardun da ya danne teburin Dattawa.

A Janairun 1806 Firayim Minista William Pitt ya rasu, Lord Grenville ya kafa sabuwar gwamnati. A watan Yuni na shekarar ya gabatar wa Majalisar Dattawa shawarwarinsa, a farkon 1807 kuma ya kawo ƙudurin doka. Abubuwa uku ne ginshiƙansa. A raba alƙalan nan 15 gida uku. A kafa wata kotun bita a Edinbara wadda za ta tace ƙararraki kafin su wuce Landan. A kuma shigo da juri, wato mutane 12 daga cikin jama'a da ake rantsarwa su yanke gaskiyar abin da ya faru, cikin shari'o'in dukiya da haƙƙoƙi, kamar yadda ake yi a Ingila. Sikotlan tana da juri a shari'ar manyan laifuka, mai mutum 15, amma a shari'ar dukiya an daɗe da barinsa.

A nan mutanenmu biyu suka shigo. Na farko Sir Samuel Romilly, haifaffen 1757, jikan Faransawa 'yan Furotesta da suka yi hijira zuwa Landan saboda addininsu. Gogaggen lauya ne, kuma a gwamnatin Grenville shi ne mataimakin babban lauyan gwamnati. Na biyu Jeremy Bentham, haifaffen 1748. An rantsar da shi lauya a 1769, amma abin da ya gani a kotunan Ingila ya sa ya juya wa aikin baya, ya ƙare rayuwarsa yana rubutu a kan yadda doka ta kamata ta kasance. Sun san juna tun shekarun 1780. Bentham mutum ne mai zaman gida, ba ya son taro. Daga gidansa na Queen Square Place yake aika rubuce-rubucensa ga aminansa su duba, musamman Romilly da Étienne Dumont, mutumin Janiba wanda ya tace ayyukansa ya buga su da Faransanci a Faris a 1802. Romilly shi ne kunnensa a majalisa, shi ya san abin da ke iya wucewa da abin da ba ya iyawa. Wasiƙun da suka yi musaya an fara buga su cikin tarin ayyukan Bentham mai juzu'i 11 da John Bowring ya fitar tsakanin 1838 da 1843, daga baya masana a kwalejin jami'a ta Landan, inda takardunsa suke ajiye, suka sake fitar da su cikin tsari mai inganci.

Lokacin da maganar Sikotlan ta taso, Bentham yana tsakiyar babban aikinsa a kan hujja da shaida. Sai ya ture shi gefe, ya shiga rubuta jerin wasiƙu zuwa ga Grenville kansa, waɗanda aka buga a 1808 da sunan Scotch Reform. Ina son in ɗan daɗe a kan abin da ke cikinsu, domin nan ne naman maganar yake.

Bentham bai fara da alƙalai nawa za a zaunar a ɗaki nawa ba. Ya fara da tambayar me ya sa ake kafa kotu tun asali. Amsarsa ita ce don a yanke hukunci daidai, kuma a yanke shi ba tare da an ɗora wa mai neman haƙƙi abubuwa uku ba: jinkiri, da wahalarwa, da kashe kuɗi. Duk wani gyara, da wannan ma'auni yake auna shi. Daga nan ya raba hanyar shari'a gida biyu. Akwai wadda ya kira ta ɗabi'a, irin wadda uba yake bi idan 'ya'yansa biyu suka kawo masa ƙara: ya zaunar da su gaba da gaba, ya ji ta bakin kowa, ya yi musu tambayoyi, ya yanke. Akwai kuma ta ƙa'idojin sana'a, inda ake hana masu shari'a magana da bakinsu, a mai da komai takarda, a yi ta ɗage zama, a kori ƙara saboda kuskuren kalma ɗaya ba tare da an taɓa gaskiyar magana ba.

To, wa ya ƙirƙiro ta biyun, kuma don me? Amsar Bentham ita ce ta jawo masa baƙin jini. Ya ce ba kuskure ba ne, ba kuma tsufan al'ada ba ne kawai. Tushenta kuɗin da ake karɓa a kan kowane mataki. Inda ma'aikacin kotu yake cin abinci daga yawan shafukan da ya kwafa, shafuka za su yi yawa. Inda lauya yake samu a kan kowane zama, zama ba zai ƙare ba. Inda alƙali yake da rabo a kuɗin shigar da takardu, ko yake da ikon raba muƙaman da ake ci daga gare su, kamar yadda abin yake a Ingila ta wancan zamani, kada a jira shi ya rage takardu. Ya ɗauki alƙalai da lauyoyi a matsayin abokan kasuwanci guda, waɗanda ribarsu take ƙaruwa daidai gwargwadon wahalar mai ƙara.

Saboda haka ya ƙi yarda da tushen shirin Grenville, wato cewa Ingila ce lafiyayya, Sikotlan ce majinyaciya. Tun a bangon littafin ya sanar cewa zai kawo misalai daga rashin gyaran Ingila. A kan juri, ya ce a sa shi a matakin farko na kowace shari'ar dukiya ƙarin jinkiri ne da ƙarin tsada. A bar alƙali ya fara yankewa, wanda bai gamsu ba ya nemi juri. A kan yawan alƙalai, ya ce ko 15 ko biyar duk cutar ɗaya ce, domin idan taro ya yanke hukuncin zalunci babu wanda za a nuna wa yatsa. Alƙali ɗaya yake so, a zaune a bainar jama'a, yabo nasa, zargi nasa. Kuma abin da ya fi burge ni, bai ce a je Ingila a koyo ba. Ya nuna musu abin da ke cikin gidansu: ƙananan kotunan bashi da aka kafa a Sikotlan a 1795, inda mai ƙara da wanda ake ƙara suke zuwa da ƙafarsu, ba lauya, a ji su, a sallame su. Ya ce ga hanyar nan kuna bi a kan ƙaramin bashi, me ya hana ku bi ta a kan babba? Ya ƙara da tayin rubuta wa Sikotlan cikakken kundin dokoki, irin tayin da ya sake yi wa shugaban Amurka James Madison a 1811.

A ganina Bentham ya fi kowa gaskiya a wannan muhawara. Shi ne ya tsaya a gefen mutumin da ya sayar da gonarsa don ya biya lauya. Amma gaskiyarsa ba ta yi aiki a lokacin ba, kuma wani ɓangare na laifin nasa ne. Rubutunsa yana da nauyi, jimla ɗaya takan cinye rabin shafi, ga sababbin kalmomin da yake ƙirƙira. Ya kuma zargi mutanen da sai da hannunsu za a yi gyaran. Bayan haka lokaci ya kuɓuce masa. A watan Maris na 1807 gwamnatin Grenville ta faɗi, bayan saɓani da Sarki George na Uku a kan ba 'yan Katolika damar riƙe manyan muƙaman soja. Kafin wasiƙun su fito daga maɗaba'a, wanda aka rubuta wa su ba shi da mulki. Mu a Afirka ta Yamma muna da dalilin tuna wannan gwamnati mai gajeren kwana, domin ita ce ta zartar da dokar hana cinikin bayi da aka sa wa hannu ranar 25 ga Maris 1807, kuma Romilly yana cikin waɗanda suka tsaya mata a majalisa.

Romilly ya bi wata hanya dabam da ta amininsa. Shi mai cire ƙaya ɗaya-ɗaya ne. A 1808 ya yi nasarar soke hukuncin kisa a kan yankan aljihu, ya kuma shafe sauran shekarunsa yana kai ƙudurori irin wannan, Dattawa suna mayar masa da su. Ya san iyakar abin da masu mulki za su haƙura da shi. Da Bentham ya rubuta wani littafi mai zafi a kan yadda ake tsince 'yan juri don su biya wa gwamnati buƙata, Romilly ne ya gargaɗe shi cewa idan ya fitar da shi za a gurfanar da shi, kuma littafin bai shiga kasuwa ba sai 1821. Wannan taka-tsantsan ya riƙa ƙona wa Bentham rai, har a zaɓen Westminster na 1818 ya fito ya yi adawa da takarar Romilly. Romilly ya ci zaɓen, ya rasu a watan Nuwamba na shekarar. Ban ga dalilin fifita ɗaya a kan ɗaya ba. Ba don irin Bentham ba, da ba a san inda aka dosa ba, kuma ba don irin Romilly ba, da ba a ɗaga ƙafa ba.

Yanzu mu waiwayi mutanen Edinbara, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba su kasance baki ɗaya ba. Tun a 1785, da aka kawo shawarar rage alƙalan daga 15 zuwa 10, marubuci James Boswell ya rubuta wa jama'ar Sikotlan buɗaɗɗiyar wasiƙa yana cewa taɓa kotun taɓa yarjejeniyar 1707 ne. A 1806 kuwa matasan lauyoyi irin su Francis Jeffrey, editan mujallar Edinburgh Review, suna son gyara. A ɗaya gefen akwai marubuci Walter Scott, wanda a shekarar ce ya zama ɗaya daga cikin manyan magatakardan kotun. Surukinsa Lockhart, da ya rubuta tarihinsa, ya ba da labarin yadda bayan wata muhawarar lauyoyi Scott yana tafiya gida tare da Jeffrey, aka so a mai da maganar raha, shi kuwa ya ƙi. Ya gaya musu cewa da kaɗan-kaɗan za su rushe duk abin da ya sa Sikotlan ta zama Sikotlan, har hawaye suka zubo masa.

Ba na raina hawayen nan. Al'ummar da ta rasa majalisarta, kotunta da cocinta ne suka rage mata, dole ta ji tsoron duk hannun da ya miƙo daga Landan. Amma ina son ku lura da abin da muhawarar ta koma. Wasu suna kare martabar ƙasa, wasu suna son kwaikwayon Ingila, Dattawa suna son a rage musu aiki. Mai ƙarar da shari'arsa ta shekara bakwai ba ta ƙare ba, ba a ji muryarsa a ko'ina ba sai a wasiƙun wani Bature ɗan Ingila da mutane ƙalilan suka iya karantawa.

Abin da ya biyo baya gajere ne a faɗa, ko da yake ya ɗauki shekara 60. Lord Eldon, wanda ya dawo kujerar shugabancin shari'a a 1807, kuma wanda kotunsa ta yi ƙaurin suna wajen jinkiri, shi ya kai dokar 1808. Ta raba kotun gida biyu, ta taƙaita ɗaukaka ƙara a kan hukuncin tsakiyar shari'a, ta kuma ba kotun ikon barin a zartar da hukunci ko da an tafi Landan. An kafa hukumar bincike, Scott ne sakatarenta, kuma a 1810 aka soke dogayen kwafin hukunci da ake biya a kan shafi. A 1815 aka kafa kotun juri ta dabam ƙarƙashin William Adam, a 1830 aka haɗe ta da babbar kotu, aka rage alƙalai zuwa 13. Jurin bai samu karɓuwar da aka yi zato ba. Sai a 1866 doka ta ba alƙali ɗaya damar zama ya saurari shaidu da kunnensa ya yanke hukunci, kuma wannan hanya ce ta zama ruwan dare a kotun. Kusan abin da Bentham ya nema ke nan a 1808, amma ya riga ya rasu tun 1832. Alƙali ɗan Sikotlan na farko da ya zauna cikin Dattawa don sauraron ƙararrakin ƙasarsa, Lord Colonsay, sai a 1867 ya shiga, shekara 160 bayan haɗaka.

Kada wani ya ce wannan duk labarin nesa ne. Tunanin Bentham na tattara doka cikin kundi ɗaya mai sauƙin fahimta ya yi tasiri a kan Thomas Macaulay, wanda ya jagoranci tsara kundin hukunta laifuka na Indiya da aka zartar a 1860. Daga Indiya aka ɗauke shi zuwa Sudan a 1899. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyaci kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Farfesa Anderson na Landan da wasu manyan Arewa, kuma a kan shawararsu aka yi kundin Penal Code na Arewa da ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960. Mu ma mun ɗanɗani ɗaukaka ƙara zuwa Landan har 1963. Kuma alƙali ɗaya da yake zaunar da mai ƙara da wanda ake ƙara gaba da gaba, ya ji ta bakinsu, ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Mun san shi tun kafin zuwan Turawa, mun san amfaninsa, mun kuma san abin da ke faruwa idan ba mai sa masa ido.

Roƙona ga ɗaliban shari'a da ke nan shi ne wannan. Ku ware mako guda ku je ku zauna a ƙaramar kotun da ta fi kusa da gidanku. Kada ku tsaya wajen alƙali ko lauya. Ku nemi izini ku tambayi waɗanda ke zaune a benci suna jiran a kira su: yaushe aka shigar da ƙararku, sau nawa kuka zo, nawa kuka kashe? Ku rubuta amsoshin da sunan kotun da kwanan wata, ku ajiye. Duk ranar da aka kafa kwamitin gyaran shari'a a jiharku, ku kai masa wannan takarda, ku nemi ya faɗa muku wanne daga cikin ukun nan, jinkiri ko wahalarwa ko kashe kuɗi, shirinsa zai rage.